Fodkas: Da Mai Buga Gem da Mai Sharhi, Wa Ke Riƙe 'Yan Kallo?

Abba: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Ummi da Sadiq, kuma maganar masu buga gem a matsayin sana'a da masu yi musu sharhi za mu yi. Ummi, tun a waje kike cewa ba ki yarda ba.

Ummi: Yaya Abba ni fa kuɗin ne ya ɗaure min kai. A ce yaro ɗan shekara 16, Bugha, ya ci dala miliyan 3 a gasar gem ɗin Fortnite ta duniya a 2019, yana zaune kan kujera?

Sadiq: Ai wannan kaɗan kika gani. Gasar gem ɗin Dota 2 ta 2021 da aka yi a Bucharest kuɗin kyautarta ya kai wajen dala miliyan 40, Team Spirit suka doke PSG.LGD 3 da 2 a wasan ƙarshe. Amma ki kashe sautin wasan nan ki kalla, wallahi ba abin da za ki gane, mutum biyar-biyar ne, jaruman da ake zaɓa sun haura 120 kowa da irin sihirinsa, in faɗa ya kaure allon wuta kawai yake fitarwa ta ko'ina, cikin daƙiƙa goma an gama an kwashe gawa.

Abba: Shi ya sa galibi masu sharhin biyu ne. Ɗaya mai zafin baki, shi ke bin faɗan da gudu, ɗayan kuma sau da yawa tsohon ɗan wasa ne, sai ƙura ta lafa ya ce ga inda aka yi kuskure tun mintuna biyar baya. Akwai ma na uku da ba a jin muryarsa, mai juya kyamara a cikin gem ɗin, in ya kai ka wani lungu ana kisa a wani, to sharhin ya lalace.

Ummi: To ni ina da ja. Daigo da Justin Wong a gasar Evo ta 2004, a gem ɗin faɗa na Street Fighter, jinin Daigo saura ƙiris, ya tare duka 15 a jere ya juyo ya ci. Ihun 'yan kallo ne ya ɗaga bidiyon nan, ba wani mai sharhi ba.

Sadiq: Eh to, gem ɗin faɗa mutum biyu ne kuma ga layin jini a sama, ko kaka ta gani ta san wa ke shan kashi. Amma ko a nan sai an faɗa miki kowace tarewa sai ya tura makullin sarrafawa gaba daidai lokacin da dukan zai sauka, kuskure ɗaya ya mutu, sannan za ki san abin da kika gani. Kamar sanƙira ne a filin dambe, shi ke gaya wa baƙo wannan da ya fito ba ƙaramin ƙwaro ba ne.

Abba: Ni wanda ke ƙona min rai shi ne mai ihu tun minti na farko, an kashe ɗan ƙaramin dodon cikin gem ihu, an saya wa jarumi takalmi ihu, lokacin da babban faɗa zai zo murya ta dushe.

Ummi: Sadiq kenan in ana buga gem ɗin ƙwallo na FC a ɗakinsu.

Sadiq: Haba Ummi, a gaban jama'a? Yaya Abba a tafi hutun nan don Allah, in mun dawo a taɓo Faker, gwanin gem ɗin League of Legends, da ƙungiyar T1.