Mai Kunna Wuta da Mai Rura Ta: Yadda Sinadarai Ke Rainon Cutar Daji

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama na ma'aikatan lafiya da malaman gona a birnin Katsina.

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, 'yan'uwa ma'aikatan lafiya, barkanmu da warhaka.

Cutar daji ba ta faɗo wa mutum rana ɗaya. Akwai sinadarin da ke kunna ta, akwai kuma wanda ke rura ta, kuma aikinsu ya bambanta. A 1947 wasu masu bincike biyu, Berenblum da Shubik, suka nuna haka a fatar ɓera. Ga yadda ake gwajin har yau: a aske bayan ɓera, a ɗiga masa sinadarin DMBA sau ɗaya tak, ɗan kaɗan. Wannan shi ne mai kunnawa: yana lalata rubutun gado, wato DNA, da ke cikin wasu ƙwayoyin fata, amma ba za ka ga komai ba. Daga nan sai a riƙa shafa mai rurawa, wato sinadarin TPA, wanda ake samu daga man wani tsiro mai suna kuroton, sau biyu a mako har kusan mako 20. Sai ƙananan ƙari su tsiro kamar kuraje, wasu daga baya su rikiɗe su zama daji.

To ku lura da kyau a nan. In ka fara da TPA ka biyo da DMBA, ba ƙari. In ka bar tazara mai nisa tsakanin shafa da shafa, ba ƙari. In ka daina shafawa da wuri, da yawa cikin ƙarin sukan koma. Amma tabon farko da DMBA ya bari ba ya gogewa. Ko bayan watanni ka dawo da TPA, ƙwayar tana nan tana jira.

Me TPA ke yi? Ba ya taɓa rubutun gado. A 1982 masu bincike a Japan ƙarƙashin Nishizuka suka gano yana kama wani furotin mai suna kinas C, wanda ke ba ƙwaya umarnin rabuwa. Saƙon da jiki ke aika masa yakan gushe nan da nan, shi kuwa TPA sai ya maƙale, kamar an danne makunnin wuta da dutse. Yana kuma toshe 'yan ƙofofin da ƙwayoyi maƙwabta ke musayar saƙo ta cikinsu, sai lalatacciyar ta fita daga tsawatarwar masu lafiya. Ga kumburi a kai. Dangin TPA suna cikin 'ya'yan bini-da-zugu da muke shinge da shi, shi ya sa nake roƙo a daina haɗiye su don wankin ciki.

Inda abin ya fi damuna shi ne hanta. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar afulatoksin, ita ce mai kunnawa. Ciwon hanta nau'in B kuma yana sa hanta cikin kumburi shekara da shekaru, ƙwayoyi na mutuwa ana maye gurbinsu, wato rurawa ke nan. Wani bincike a kan maza sama da 18,000 a Shanghai ya nuna gubar kaɗai ta ninka haɗarin dajin hanta kusan sau 3, ciwon kaɗai kusan sau 7, amma in sun haɗu kusan sau 60.

Malaman gona, ga naku. Masarar Funtuwa da Bakori kada ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100; gyaɗa sai ta yi ƙara a kwanso in an girgiza. A shanya a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba. Buhu a kan katako, nesa da bango. A tsince baƙaƙe da motsattsu a zubar, kada a ce ai za a yi ƙuli-ƙuli da su, domin suya ba ta kashe wannan guba. Kada kuma a ba saniya, tana fitowa a nono.

Ungozomomi, naku shi ne rigakafin ciwon hanta nau'in B: allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 ciwon yana zama a jikinsa. Ko a gida aka haihu, a kai shi asibiti ranar, kada a jira suna.