Jarin Kasada: Ba Bashi Ba Ne, Ba Kuma Kyauta Ba

Jama'a, assalamu alaikum.

A watan Oktoban 2020, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wani kamfanin Legas mai sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, a kan sama da dala miliyan 200. Lokacin shekara biyar kacal da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi. To, ranar ba su kaɗai kakarsu ta yanke saƙa ba. Akwai waɗanda suka zuba kuɗi tun kamfanin yana rarrafe, irin su Y Combinator, wata cibiyar Amurka mai sa wa sababbin kamfanoni jari, da ta karɓe su a 2016. Wannan kuɗi shi ake kira jarin kasada.

Mu faro daga abin da muka sani. A Kantin Kwari, maigida kan ba yaronsa jari ya ce je ka juya, riba a raba. Malamai suna kiran irin wannan mudaraba. Jarin kasada ɗan'uwansa ne, sai dai halinsu ya bambanta. Mai jarin kasada bai damu da ribar ƙarshen shekara ba. Wani yanki na kamfaninka yake saye, ya zauna jiran ranar da za a sayar da kamfanin ko a kai shi kasuwar hannun jari, ya sayar da nasa kason da tsada.

Ga lissafin. A ce ya ba ka naira miliyan 20, ka ba shi kashi 20 cikin 100. Kenan kun yi wa kamfanin kuɗi naira miliyan 100, kai kana da kashi 80. Bayan shekara biyu kuɗi ya ƙare, wani ya shigo ya karɓi kashi 20 na duka. Naka ya koma 64. Zagaye na uku, wani ya sake karɓar kashi 20, kana wajen 51. Kafin ka farga, kamfanin da ka fara a ɗakin zaure sai an kira taro kafin ka ɗauki manaja.

Me ya sa suke matsa wa mutum ya yi girma da gaggawa? Domin sun san yawancin kamfanonin da suka sa wa kuɗi ba za su kai labari ba. Kamfanin 54gene, mai binciken ƙwayoyin gadon ɗan Adam a Najeriya, ya tara kimanin dala miliyan 45, amma a 2023 ya rufe. Don haka dole guda ɗaya da ya tsira ya biya asarar sauran har da riba. Shi ya sa in gidan burodi ka buɗe, ko injin casar shinkafa, kome albarkarsa, ba za su waiwaye ka ba. Ba raini ba ne, lissafinsu ne bai hau ba. Ni a ganina, yawancin matasan da ke yawo da takardun neman irin wannan jari ba shi sana'arsu take buƙata ba.

Akwai wasu ƙofofin. Adashi da gudummawar dangi har gobe suna tayar da sana'a. Akwai tallafin da ba a mayarwa, kamar dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu take bayarwa tun 2015. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya dosar bankunan da ba sa harka da riba ta haram, irin su Jaiz, inda banki zai sayo maka kaya ya sayar maka a kan ƙayyadadden farashi, ka riƙa biya a hankali. Mafi daɗi kuwa shi ne kuɗin kwastoma, don shi ba ya neman kujera a kamfaninka.

In kuwa ka tabbata jarin kasadan kake so, nemi lauya kafin ka sa hannu. Akwai wani sharaɗi da kan zo a yarjejeniya, mai cewa in an sayar da kamfani, mai jari ne zai fara cire kuɗinsa. Mu koma misalinmu na farko. Ya sa miliyan 20, kasuwa ta juya baya, aka sayar da kamfanin a miliyan 25. A takarda kashi 80 naka ne, kana sa ran miliyan 20. Shi zai ɗebe nasa 20 ɗin cif, kai da abokan tafiyarka ku raba biyar ɗin da ta rage.