"Ka Samo Ƙafafunka?" Tambayar da Bature ke yi wa baƙo

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya daga Manchesta. Ku yi haƙuri da rawar da kyamara take yi, a hankali nake takawa. Bari in juyo muku da ita ƙasa. Kun ga wannan ɗan sheƙi a kan titi kamar an zuba ruwa? Ƙanƙara ce, siririya har ba a ganinta, ita ce ke karya mutane a watan Janairu.

Wancan akwati mai ruwan ɗorawa a bakin hanya gishiri ne a ciki, ƙaramar hukuma ta ajiye, kowa na iya ɗiba ya watsa a hanyar da jama'a ke bi. Da daddare kuma manyan motoci ke zagayawa suna barbaɗa shi, domin gishiri yana hana ruwa saurin daskarewa. Kuma ba fari ba ne irin na miya, jajaja ne. Da yawansa daga Winsford ake haƙo shi, nan kusa a yankin Cheshire, inda aka buɗe ramin tun 1844.

To ga abin da ya sa na kunna kyamara. Turawan nan suna da wata magana, "find your feet", wato ka samo ƙafafunka. A zahiri tsayuwa ake nufi, kamar yadda ɗan maraƙi ke tangal-tangal bayan haihuwa kafin ƙafarsa ta kama ƙasa. Amma in abokin aiki ya tambaye ka ko ka samo ƙafafunka, ba ruwansa da santsi. Yana nufin ka saba? Ka samu gindin zama?

Kuma wallahi a ƙasar nan gindin zama da takarda ake samunsa. Banki ya ce kawo shaidar adireshi, mai gida ya ce sai ya ga takardar banki kafin ya ba ka ɗaki. Sai ka tsaya a tsakiya kana kallon kowa. Ga lambar inshorar ƙasa da ake lissafin harajinka da ita, ga rajista wajen likitan unguwa, wanda sai ta hannunsa kake ganin babban likita in ba gaggawa ba. Ni dai a ganina, ranar da ka daina buga wa ɗan uwa waya kana tambayar wace bas za ka hau, ranar ka samo su.

Abin da ya burge ni da maganar, ba ta da gori. In ka ce har yanzu kana nema, sai a gyaɗa kai, a ƙara maka bayani.

Masu shirin zuwa karatu a watan Satumba, ku sayi takalmi mai kaushin ƙasa kafin Disamba, ku riƙa gajeren taku, kuma ku cire hannu daga aljihu. Ga bas ɗina can ta shawo kwana, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.