Sharhi: Gine-ginen Jami'o'inmu da Zafin Ƙasar Kabi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai leƙa harabar biyu daga cikin jami'o'in gwamnati na Jihar Kebbi, wato ta Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2006, da ta Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mai mazaunin dindindin a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza.

Baƙon da ya shiga irin waɗannan wurare zai fara cin karo ne da faɗin fili, da manyan ɗakunan lacca, da sunan TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, a jikin bango, shaidar cewa harajin ilimi da aka karɓa daga kamfanoni ne ya tayar da ginin. Dukiyar al'umma ce, kuma ya kyautu iyaye su riƙa zuwa suna ganin inda 'ya'yansu ke karatu.

Sai dai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya game da sababbin jami'o'in ƙasar nan shi ne yadda masu zane kan manta da rana. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a yankinmu, kuma ɗalibin da ya fito lacca da azahar, ya ɗora littafi a ka yana kare fuska har ya kai laburare, ya fi kowa sanin darajar inuwa. Ɗakin da aka ƙawata da gilashi aka rufa da kwano kuwa, da zarar wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ya zama tanda.

Maginanmu na da sun san maganin wannan. Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, ginin da ya samo asali tun 1831, ya ji yadda katangar ƙasa mai kauri ke riƙe sanyi da rana tsaka. Ba muna cewa a koma ga tubali da azara ba ne, amma hikimar tana nan daram: baranda mai faɗi, tagogi masu kallon juna domin iska ta ratsa, da tsakar gida a tsakanin azuzuwa.

Sannan ga batun itatuwa, wanda ya fi komai araha. Muna kira ga hukumomin jami'o'i da su jera dogonyaro da tsamiya a gefen kowace hanyar ƙafa tun farkon damina, a yi musu shinge saboda awaki, a tanadi mai ban ruwa da rani, kuma a rubuta wannan sharaɗi cikin takardar kwangila kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe.