Darasin Gareji: Sayen Tsohuwar Kombi da Tada Ta Ta Zama Ɗakin Tafiya

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu kallonmu. Yau muna wani gareji a Birnin Kebbi, kuma ga abin da ya kawo mu nan a bayana: tsohuwar Volkswagen Kombi, irin mai inji a baya. Da yawanku kun yi tambaya kan yadda mutum zai sayi irinta, ya tada ta, ya mai da cikinta wurin kwana da girki. Shi ya sa muka zo wurin masu abin. Baba, barka da aiki.

Makanike: Barka kadai ɗana, sannunku da zuwa. Matso nan inuwa, ranar ga ba ta da wasa.

Mai gabatarwa: Baba, in mutum ya ce zai nemi Kombi, duk iri ɗaya ce?

Makanike: A'a. Jamus ta fara ƙera ta a 1950. Ta farkon ita ce mai gilashin gaba rabe biyu, an yi ta har 1967. Wannan in ka same ta a ƙasar ga ka yi babbar sa'a, don Turawa na zuba mata kuɗi sosai a wurin gwanjo. Daga 1967 zuwa 1979 sai anka yi irin wagga da ke gabanmu, mai gilashi guda mai faɗi. Bayanta sai mai kusurwa-kusurwa, irin wadda ta cika Legas da fenti ruwan ɗorawa. Ita wagga tamu Brazil ta ci gaba da yin ta har 2013, kuma abin da ya sa har gobe ake samun kayan gyaranta sababbi ke nan. Mu ma nan Najeriya an buɗe kamfanin haɗa Volkswagen a Ojo ta Legas a 1975, shekarar da Peugeot ta fara a Kaduna. Masu gado da kabad da rufin da ke ɗagawa sama kuwa, kamfanin Westfalia na Jamus ya fi shahara da yin su. Irinsu ba su zo mana da yawa ba. Abin da za ka samu a nan tsohuwar motar haya ce ko ta asibiti ko ta makaranta, sai kai ka gina cikin da kanka.

Mai gabatarwa: To an ce ga wata can a Jega ko Yawuri, an kai ni. Me zan fara dubawa? Na ce a tada inji in ji?

Makanike: Nan mutane ke faɗawa. Kowa sai ya ce a tada inji. Ɗana, injin motar ga ƙusa huɗu ke riƙe da shi jikin giya, da jak guda da yara biyu mun sauke shi kafin azahar. Ana gyara shi, ana canja shi. Jiki ne ba ya canzuwa. Kuɗinka jiki yake saye, saboda haka jiki za ka duba.

Amma kafin jiki ma, takardu. Tsohuwar mota da ta daɗe a ajiye, sau da yawa mai ita ya rasu, ta zama kayan gado. Ɗa guda zai sayar maka, ka kashe kuɗi ka gyara ta ta yi kyau, sai ga 'yan'uwansa sun taso sun ce ba da yawunsu ba. Ka tabbata magada sun yarda, a rubuta, a sa shaidu, in da hali a gaban mai unguwa. Sannan mu nan kusa da iyaka muke, ga Kamba nan. Motar da ta shigo ba takardar kwastan, duk tsufanta, ranar da anka tare ka a hanya ba wanda zai saurari tarihinta. Ka duba lambar shasi da ke jikin motar ka gwada da ta takarda, harafi da harafi. A irin na Jamus na shekarun 1970, lamba ta uku ita ke gaya maka shekara: in ka ga ta fara da 237, ta 1977 ce. Lambar inji kuma tana nan ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe da dainamo, goge baƙin mai za ka gan ta.

Mai gabatarwa: Sai jiki.

Makanike: Sai jiki. Kai yaro, miƙo min sukundireba da maganaɗisun nan. Kayan aikinka ke nan ranar saye, da tocila, da tabarmar da za ka kwanta a kai. In kana jin kunyar kwanciya ƙarƙashin mota a gaban dillali, to kada ka saya.

Ka fara da nan, ƙasan ƙofofi, dogon ƙarfen da ya bi gefe. Soka sukundireba. In ka ji ƙarfe ya amsa, madalla. In ta nutse, tsatsa ta gama da wurin. Sai wuraren da ake kafa jak, guda huɗu. Sai ƙarafan da sunka gitta ƙarƙashin daɓe. Sai bakin tayoyi, da matakin da direba ke takawa, da ƙasan robar gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya. Zo baya ka gani. Nan gefen inji batir ke zama, ruwan batir na zuba yana cin farantin, kusan kowace za ka tarar wurin ya huje. Wannan ƙaramin aiki ne ga mai walda. Wanda ba ƙarami ba shi ne babban ƙarfen gaba da ke ɗauke da tayoyi da sitiyari. In shi ya ruɓe, rayuwarka ce a kai, kuma faci ba ya yi masa.

Mu a nan Allah ya taimake mu da busasshiyar ƙasa. Motar da ta yi rayuwarta tsakanin Sakkwato da Kebbi ta fi wadda anka kawo daga Legas ko Kwatano lafiyar ƙarfe nesa ba kusa ba, don iskar teku gishiri gare ta. Sai dai namu ciwon daban ne. Ana ajiye mota gindin dogonyaro shekara da shekaru, ganye ya cika magudanar rufi, damina ta zo ya jiƙe ya kwanta, rufin ya ruɓe daga gefe. Awaki su kwana ƙarƙashi, kaji su yi ƙwai a kujera. Saboda haka ka hau ka leƙa sama.

Mai gabatarwa: Maganaɗisun fa?

Makanike: Na fenti ne. In ka ga tsohuwar mota na ƙyalli, kada ka yi murna, kyan ɗan maciji ne. Bi jikin da maganaɗisu. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, fila anka cusa anka shafe da fenti. Ni na fi son in ga mota da tsohon fentinta ya ƙoƙe, duk aibinta a fili, in san abin da nake ciniki a kai.

Mai gabatarwa: Amma dai ba za a ƙi duba injin ba gaba ɗaya.

Makanike: Za a duba, da hannu. Kada ka bari a ɗaura batir a murɗa makulli ga injin da ya shekara biyar bai motsa ba. Kama wagga fulin ta ƙasa ka juya. In ta juya, injin bai kame ba. Sannan ka ja ta gaba da baya. Motsin da anka yarda da shi bai kai kaurin takarda biyu ba, ido ba ya ganinsa. In ka ji ƙwas-ƙwas tana wasa, injin na son a buɗe shi gaba ɗaya, sai ka rage wannan a farashi.

Mai gabatarwa: An yi ciniki, an biya la'ada, an jawo ta gareji. Daga ina aiki ke farawa?

Makanike: Walda tukuna. A kwashe kujeru da duk abin da wuta ke ci, a sauke tankin mai, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har a kai ga mai lafiya, a sa sabo. Ban yarda a ɗora faci kan tsatsa ba. Daga nan birki: duk tiyon roba a canja, man birki a zubar a sa sabo, don yana shan ruwa in ya daɗe. Daga ƙirar 1971 sun zo da birkin faifai a gaba, na kafin nan ganga ce gaba da baya. Taya kuma ka sa ta ɗaukar kaya, 185 R14 mai harafin C, ba ta ƙaramar mota ba. Ka karanta lambobi huɗun nan na gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da anka yi ta. Sai riwaya ya bi wayoyi, don ɓeraye sun riga shi. Fenti da labule su ne na ƙarshe, ko da yake su mai mota ke fara tambaya.

Yanzu zo mu zauna kan inji, don nan ne zancen yake ga mutumin Kebbi. Injin ga ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Iska da baƙin mai ke sanyaya shi. Ka ga waɗanga ramukan a sama, bayan tagogin gefe? Nan iska ke shiga. Fanka ta ja ta, ta tura ta kan silinda huɗu, ta fita ta ƙasa da zafinta. Waɗanga gwangwanayen da sunka kewaye injin, da robar da ta bi bakinsu, aikinsu su raba iskar sama mai sanyi da ta ƙasa mai zafi. Sai wani ya sauke inji, wurin mayarwa ya ga gwangwani na ba shi wahala, ya jefar, ya ce ado ne. Daga ranar injin na shaƙar zafin da ya fitar. A watan Afrilu, da zafinmu ke wuce digiri 40, ba ka kai Argungu daga nan ba sai bawul ya ƙone.

Mai gabatarwa: Na sha ganin direbobi na tokare murfin baya a buɗe, wai injin ya sha iska.

Makanike: Ƙura da zafin salansa yake sha. Rufe murfinka. In kana son ya sha iska, buɗe gidan fankar ka share. Za ka tarar da sheƙar ɓera, da tsumma, da gidan zanzaro ya toshe tsakanin haƙarƙarin silinda. Silinda ta uku ita ta fi saurin ƙonewa a tsofaffin, don na'urar sanyaya mai na tsaye a kan hanyar iskarta. Daga 1971 sunka matsar da ita gefe.

Abu uku nake so mai irin motar ga ya riƙe. Baƙin mai lita 2.5 kacal injinta mai cc 1600 ke ci, kuma ba shi da filta irin ta motocin yanzu, sai 'yar rariya a ƙasa da noti shida ke riƙe da ita. Mai kaɗan, aiki mai yawa, saboda haka duk kilomita 5,000 a juye, a wanke rariyar. Lokacin hunturu da ƙura ni ban ma jira ya kai. Bawul kuma a saita tazararsa milimita 0.15, inji na sanyi, da safe kafin a tada shi. In ya matse ba ya ƙara, shiru zai yi har ya ƙone, gara ka riƙa jin ɗan kas-kas ɗinsa. Na ukun shi ne bel. Bel guda ke juya dainamo da fanka. In kana tafiya ka ga jar wutar caji ta kama, kada ka ce bari in ƙarasa gari. Tsaya nan take, mai yiwuwa bel ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma mintoci kaɗan sun isa su kashe injin. Ka riƙa yawo da bel na ajiya da sifana.

Af, ga wani da bai kamata in tsallake ba. Tankin fetur na nan gaban inji, tiyo ya taso daga can ya bi ta wurin zafi zuwa kafireto. Tsohon tiyo na tsagewa, fetur ya ɗiga, motar ta kama. Kombi da yawa wuta ta ci su ta haka. Sabon tiyo, a ɗaure kowane baki da kilif, kuma tukunyar kashe gobara ta zauna kusa da direba.

Mai gabatarwa: Kayan gyara fa, Baba?

Makanike: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas. Injinta ɗan'uwan na Beetle ne, abubuwa da yawa na shiga juna. Robobin gilashi da na ƙofa su ke wahala, yaran yanzu na yin odarsu ta intanet. Kuma in ka ji 'yan gwangwan sun sayi mushen wata, yi maza kafin su sare ta.

Mai gabatarwa: To mu shiga ciki, wurin da masu kallo suka fi jira.

Makanike: Ciki aikin kafinta ne da tela, ba wuya. Sai dai a tuna ƙarfin injin bai wuce doki 50 ba. In ka cika ta da katako mai nauyi da tayil da tankin ruwa babba, ka kashe ta. Falanki marar nauyi, kujerar baya da ke miƙewa ta zama gado a kan ɗakin inji, ƙaramin kabad, jarka biyu. Rufi a yi masa farin fenti, a sa soso tsakaninsa da silin, in ba haka ba da rana ba ka iya zama ciki. Tagogi a sa musu raga, wanda ya taɓa kwana kusa da fadamar shinkafa ya san dalili. Faifan sola guda a sama da batir na biyu daban, don fanka da fitila da cajin waya kada su shanye na tada mota. Tukunyar gas a ɗaure ta tsaye, a huda mata mafita a ƙasa, girki kuma a yi shi ƙofa buɗe ko a waje.

Mai gabatarwa: Kuma sai a kama hanya, duk inda dare ya yi a kwana?

Makanike: Wannan a Turai ne. Halin da hanyoyinmu ke ciki ba ya ba da haka. Tafiyar rana, kilomita 80 a awa ya ishe ta, kwana kuma cikin gari, a ƙofar gidan wanda ya san ka ko a harabar masauki. Lokacin bikin kamun kifi na Argungu, da masauki ke wuya, ko lokacin girbi in kana da gona nesa da gida, nan za ka ji daɗinta.

Mai gabatarwa: Mun gode Baba, Allah ya ƙara girma. A darasi na gaba za mu sauke injin nan a gabanku, mu buɗe gidan fanka mu ga abin da ke ciki.

Makanike: Amin ɗana. Ku zo da sassafe, in saita bawul ku gani tun injin na sanyi.