Lissafin Nasara da Hasashen Zinare: Lacca Kan Gardamar Masoya Kokawar Olamfik

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Na baya, kuna jin muryata? To madalla.

An ce in yi magana kan musun da ba ya ƙarewa tsakanin masu kallon kokawa: wa ya fi wa, wa zai ɗauko zinare, wa aka zuzuta fiye da ƙarfinsa. Kokawar da nake nufi ita ce ta Olamfik da gasar zakarun duniya, wadda ake yi a kan tabarma da alƙali da maki, zagaye biyu na minti uku-uku. Waccan ta talabijin da ake tsara wanda zai ci tun kafin a fito, yau ba mu da harka da ita.

Duk gardamar da na saurara, da lissafi ake fara ta. Wani zai ce gwaninsa ya ci kaza bai faɗi ba, ɗaya ya ce nasa ya fi yawan zinare, sai murya ta tashi. Ni kuwa a ganina lissafin nan labarin jiya yake bayarwa, kuma ko jiyan ma ba ya faɗa gaba ɗaya.

Mu ɗauki babbar gardamar, Aleksandr Karelin na Rasha da Mijaín López na Kyuba. Dukkansu ajin masu nauyi ne a salon Girka da Rum, wanda ba a kama ƙafa a cikinsa. Karelin ya ci zinaren Olamfik a 1988 da 1992 da 1996, ya zama zakaran duniya sau 9, ya yi shekara 13 ba wanda ya doke shi a gasar ƙasa da ƙasa. Sai a Sidni a 2000 wani Ba'amurke, Rulon Gardner, ya doke shi da ci 1 da nema. Makin nan guda ma ba kayar da Karelin aka yi ba, hannunsa ne ya saki a riƙon ƙirji, dokar lokacin ta ba abokin karawarsa maki. López kuwa zinare 5 ya jera, daga 2008 har 2024, na ƙarshen yana da shekara 41, ya cire takalmansa ya bar su a tsakiyar tabarma a Paris. Mai goyon López zai ce biyar ta fi uku, magana ta ƙare. Mai goyon Karelin zai ce to ƙirga gasar duniya: López sau 5 ya ci, kuma Rıza Kayaalp na Turkiyya ya doke shi a wasan ƙarshe har sau biyu, a 2011 da 2015. Kun ga kowa da gaskiyarsa, domin abu biyu daban suke aunawa. Ɗaya yana auna wanda ya danne zamaninsa kowace shekara, ɗaya yana auna wanda ya iya adana jikinsa ya fito daidai ranar da ake bukata. In kun matsa mini, Karelin zan ɗauka, amma ba zan yi faɗa da wanda ya ɗauki López ba.

Yanzu maganar hamayya, wadda ita ta fi daɗi a baki. David Taylor na Amurka da Hassan Yazdani na Iran, ajin kilo 86. Sau 6 suka haɗu, Taylor ya ci 5. A wasan ƙarshe na Olamfik ta Tokiyo a 2021 Yazdani ne a gaba har saura 'yan daƙiƙoƙi, Taylor ya kutsa ya kai shi ƙasa, aka tashi 4 da 3. Wata biyu bayan nan a gasar duniya a Oslo Yazdani ya rama da 6 da 2. Taylor ya sake doke shi a 2022 da 2023. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi a farkon 2024, cewa zai yi zinaren Paris na Taylor ne, azurfa ta Yazdani. Me ya faru? Taylor ko jirgin Paris bai hau ba a matsayin ɗan wasa. Wani matashi ɗan ƙasarsu, Aaron Brooks, ya fitar da shi a gasar tantancewa ta cikin gida. Yazdani ya kai wasan ƙarshe da kafaɗa mai ciwo, Magomed Ramazanov mai wakiltar Bulgeriya ya doke shi.

A nan ne dokar farko da masu hasashe ke mantawa take. Kowace ƙasa mutum ɗaya tak take kaiwa a kowane ajin nauyi. Ƙasa irin Amurka ko Rasha ko Japan tana iya samun mutum biyu da kowannensu zai iya cin zinare, amma dole ɗaya ya zauna a gida. Shi ya sa kuke ganin 'yan Dagestan, wani yanki na Rasha, sun bazu, wannan na sanye da rigar Bahrain, wancan ta Bulgeriya. Ko wanda López ya doke a wasan ƙarshe a Paris, Yasmani Acosta, haifaffen Kyuba ne da ya koma wakiltar Cile, don muddin López na nan ba shi da hanya a gida.

Doka ta biyu, adadin ajin nauyi. A gasar duniya aji 10 ne a kowane salo, a Olamfik 6 kawai. Jordan Burroughs ya ci zinaren Landan a 2012 a kilo 74, yana da kambun duniya 6, amma biyu na ƙarshe a kilo 79 ya ci su, ajin da babu shi a Olamfik. Idan ka ji an ce wane zakaran duniya ne, tambaya a wane nauyi. In ajinsa ba ya cikin shidan nan, ko dai ya ƙona jikinsa ya sauko, ko ya hau ya tarar da waɗanda suka fi shi ƙashi.

Sai Kyle Snyder na Amurka da Abdulrashid Sadulaev na Rasha a kilo 97. Snyder ya fara cin Sadulaev da 6 da 5 a 2017. Daga nan Sadulaev ya danne kafaɗunsa a Budafes a 2018, ya doke shi a wasan ƙarshe na Tokiyo, ya ƙara a Oslo. Shekaru ana ta cacar baki a kan mutum biyun nan kamar babu kowa a ajin sai su. A gasar duniya ta 2023 a Belgired sai ga wani yaro ɗan shekara 20, Akhmed Tazhudinov, yana wakiltar Bahrain. Ya yi wa Snyder 11 da nema, ya sha gaban Sadulaev da maki har rauni ya sa Sadulaev ya janye, duk a gasa ɗaya. Shekara na zagayowa ya ɗauke zinaren Paris. Gaba da gabanta ke nan. Masu gardama kan tsofaffin gwanaye su ne na ƙarshen ganin sabon da ke tafe, domin idonsu na kan sunayen da suka saba.

Ɓangaren mata ma haka abin yake, har ya fi. Saori Yoshida ta Japan ta ci zinaren Olamfik 3 da kambun duniya 13, Helen Maroulis ta doke ta da 4 da 1 a Riyo a 2016. Yui Susaki, ita ma ta Japan, ta ci zinaren Tokiyo ba tare da an ci ta ko maki ɗaya ba, ta iso Paris babu 'yar wata ƙasa da ta taɓa doke ta. A wasanta na farko Vinesh Phogat ta Indiya ta fitar da ita da 3 da 2. Vinesh ta kai wasan ƙarshe, washegari da safe ta hau sikeli aka tarar ta haura kilo 50 da giram 100, aka soke ta baki ɗaya, ko azurfar ba ta samu ba. Giram ɗari, jama'a! Gasar kwana biyu ake yi, kuma kowace safiya sai an auna. Wanda ya matse jikinsa ya shiga ajin da ba nasa ba, ya ci ya sha bayan awon farko don ya samu ƙarfin wasa uku, to da daddare yana da wata kokawar da ba a nunawa a talabijin. Babu jadawalin nasarori da zai gaya maka wannan.

Akwai kuma ƙuri'ar haɗa wasa. Mutum 16 ne galibi a kowane aji, tagulla biyu ake bayarwa, kuma wanda aka fitar ba ya samun dama ta biyu sai in wanda ya doke shi ya kai wasan ƙarshe. Ma'ana makomarka tana hannun wanda ya kayar da kai. Odunayo Adekuoroye ta Najeriya ta je Tokiyo da lambobin gasar duniya a wuyanta, har da azurfar 2017, kowa na sa mata rai. A wasan farko tana gaba da maki 8, Anastasia Nichita ta Moldoba ta juya ta ta danne kafaɗunta. A kokawa dannewa tana shafe duk makin da ka tara. Nichita ba ta kai wasan ƙarshe ba, shi ke nan Odunayo ta tattara kayanta. Blessing Oborududu, wadda ba a cika yin surutu a kanta ba, ita ta kai wasan ƙarshe a kilo 68 ta ɗauko azurfa, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa.

Na ga hannu a can. Bismillah, malam.

Tambayarsa ita ce, in lissafi ba ya aiki, da me za a yi hasashen gasar Los Anjalas ta 2028? Malam, ban ce a jefar da lissafi ba, cewa na yi a buɗe cikinsa. Mutum ya ci wasa 40 a jere, su wa ya doke? Gasar nahiya da gasar duniya ba ɗaya ba ne. Ka duba wasanninsa na shekara ɗaya da rabi da suka wuce, ka bar na shekara biyar baya. Ka duba yadda yake a minti na ƙarshe, domin a nan Taylor ya ci Yazdani, a nan Gable Steveson ya ƙwace zinaren Tokiyo daga hannun Geno Petriashvili ana saura ƙiftawar ido. Ka duba ko akwai wanda ke jiransa a gida, da ko yana shan wahalar sikeli, da tiyata nawa aka yi wa gwiwarsa ko kafaɗarsa. Sannan ka riƙa leƙa gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 da 'yan ƙasa da 23. Amit Elor ta Amurka daga can aka fara ganinta, kuma tana da shekara 20 ta ci zinaren Paris a kilo 68, ajin da Blessing ta tsaya a bakin tagulla ba ta samu ba. Ni in za ka tilasta mini in yi hasashe yau, ƙasashe zan ambata maka, sunan mutum kuwa sai an gama tantancewa: Japan a ɓangaren mata, Iran a salon Girka da Rum, sannan 'yan Dagestan a salon kamun ko'ina, ko da tutar wace ƙasa suka fito.

Mai gabatarwa na nuna mini agogo. Hajiya, ki riƙe tambayarki, da an dawo daga hutu da ke za mu fara.