Cocin Presbyterian da Baƙin Haure a Amurka: Me Suke Yi Musu?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa Amurka, mu ga yadda ɗariƙar Kirista ta Presbyterian, wadda hedikwatarta ke birnin Louisville na jihar Kentucky, take tsaya wa 'yan gudun hijira da waɗanda ba su da takardun zama.

Mu fara daga Tucson a jihar Arizona, kusa da iyakar Meziko. A farkon shekarun 1980 yaƙi yana ci a El Salvador da Guatemala, mutane suna ta tserewa arewa da ransu. Amurka ta yi dokar 'yan gudun hijira a 1980, amma da yake gwamnatin Reagan tana goyon bayan gwamnatocin ƙasashen nan biyu, sai ta riƙa cewa masu zuwan neman kuɗi ne ya kawo su. A cikin mutum 100 da suka nemi mafaka daga can, ko 3 ba sa samu. Saura a tasa ƙeyarsu, a mayar da su inda suka gudo.

Wani fasto mai suna John Fife, na cocin Southside Presbyterian, ya ga abin ya wuce a zuba ido. Ranar 24 ga Maris 1982, shekara biyu cif da harbe Akbishop Oscar Romero, babban limamin Katolika a El Salvador, cocin ya fito fili ya ce ƙofarsa a buɗe take ga masu gudun yaƙi. Mutane suka kwana a ƙasan ɗakin ibada, matan coci suna dafa musu abinci. Kafin a ankara, wuraren ibada sama da 500 sun bi sahu. Gwamnati ta tura 'yan leƙen asiri da na'urar naɗar murya har cikin taron nazarin Littafi Mai Tsarki. A 1986 kotu ta sami mutum 8 da laifin karya dokar shige da fice, har da Fife, sai dai ba wanda aka kai gidan yari. A 1992 kuma ɗariƙar ta zaɓi wannan Fife ɗin ya shugabanci Babban Taronta, wato majalisar ƙoli ta ɗariƙar.

Wannan shi ne labarin da ya yi suna. Amma a ganina, aikin da ya fi taɓa rayuwar mutane yau shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa.

A 2004 Babban Taron ya kafa ofishi na musamman kan harkar shige da fice, da lauya a ciki. In ikilisiya tana son kawo fasto daga Koriya ko Ghana, ofishin ne ke yi mata bayanin bizar ma'aikatan addini. In ana muhawarar doka a majalisa a Washington, ɗariƙar na tura matsayinta: a buɗe wa marasa takardu hanyar zama 'yan ƙasa, kuma kada a raba iyali. Hujjarsu tana cikin Littafin Firistoci sura 19, inda aka umarci mutane su ƙaunaci baƙon da ke zaune cikinsu kamar kansu.

To ikilisiya guda ta unguwa fa, me take samu a hannu?

Da farko, koyar da mutum haƙƙinsa. Ku saurari wannan da kyau, musamman in kuna da ɗan'uwa a can. Jami'an ICE, wato hukumar da ke kama baƙin haure a Amurka, kan zo da takardar izinin kame iri biyu. Akwai wadda jami'in hukumar ya sa wa hannu da kansa, akwai wadda alƙali ya sa wa hannu. Ta farkon ba ta ba su ikon kutsawa cikin gida in mai gida bai yarda ba. Saboda haka ake koya wa mutane kada su yi saurin buɗe ƙofa. A ce a zuro takardar ta ƙarƙashin ƙofa, a duba sa hannun, a duba suna da adireshi. Mutum yana da ikon yin shiru, kuma kada ya sa hannu a komai sai ya ga lauya.

Sai shirin iyali, wanda ni shi ya fi sosa mini rai. Uwa ta zauna da wata dattijuwar coci, su rubuta a takarda: in aka kama ni da rana ina wurin aiki, wa zai ɗauko yara daga makaranta? Ina takardun haihuwarsu? Wane magani ƙaramin yake sha? A rubuta tun ana zaune lafiya, don ranar da abin ya faru ba wanda zai iya tunani.

Akwai kuma rakiya: 'yan coci su bi mutum zuwa kotu ko ofishin hukuma, su zauna a bayansa, alƙali ya ga yana da jama'a. A bakin iyaka, tsakanin garin Douglas na Arizona da Agua Prieta na Meziko, ɗariƙar na aiki tare da 'yan'uwanta na Meziko a ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwa mai suna Frontera de Cristo.

Ba duk ikilisiyoyin ne suka yarda da bai wa mutum mafaka a ginin coci ba. Majalisar dattawan kowace ikilisiya ce ke yanke wa kanta, kuma wasu na tsoron dokar da ta hana ɓoye baƙon haure. Tsoron kuwa yana da dalili.

Tun 2011 akwai ƙa'idar da ta ce jami'ai su guji kame a wuraren ibada, makarantu da asibitoci. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta soke ta. A Fabrairu ƙungiyoyin Kirista da na Yahudawa 27, har da Presbyterian, suka kai ƙara, suna cewa tsoro ya hana mutane zuwa ibada. A Afrilu alƙaliyar da ke Washington ta ƙi ba su umarnin wucin gadi da suka nema. Shi ya sa yanzu ake shawartar coci-coci su liƙa alama a ɗakunan da ba na kowa da kowa ba, su kuma naɗa mutum ɗaya da zai yi magana da jami'ai in sun zo bakin ƙofa.